Bazarar da Muka Zuba Jan Fotash

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa mutum ya tsayar da ɗinki ya zuba wa hanya ido. Tun kafin hantsi ya ɗaga, kwanon rumfata a kasuwar Bodinga yake fara ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Da azahar kan keken ɗinki ba ya taɓuwa. A gida an ƙara wa guga igiya sau biyu, abin da take fitowa da shi rabi ruwa rabi laka. Iskar da ke kaɗowa ba ta busar da gumi, fuska take ƙonawa. Sau ɗaya na taɓa ganin bazara irin wannan, shekara goma sha wani abu da suka wuce, shekarar da inabin yayana Garba ya yi 'ya'yansa na fari, bai kuma sake yin wasu ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna. Ni Manu, tun ina ƙarami aka sa ni koyon ɗinki a Bodinga, amma a gidanmu na Dingyadi nake kwana. Shi Yaya Garba ya yi shekara bakwai a ƙasar Zariya yana aikin lambu a gonar wani mai hali, a can ya koyi renon inabi. Da mahaifinmu ya rasu sai ya dawo gida. Gona ɗaya mai kyau aka bar mana, a bakin fadama, muna yin gero a tudunta da damina, albasa a gangarenta da rani. Da ita muke ci, ni da Inna da Yaya da matarsa Kulu da 'ya'yansu uku.

Bayan sadakar arba'in ya zaunar da mu a tsakar gida. Ya ce albasa kowa na yin ta, ranar da ta nuna a gonarmu ranar take nuna a gonar kowa, a kai kasuwa a dawo da gajiya. Inabi kuwa daga Bodinga har Shagari bai san mai shi ba. Ya roƙi a ba shi rabin gonar da shekara biyu.

Inna ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne. Ni ta duba ta ce, "Manu, tambayi yayanka, abin ga ana tuwo da shi?"

Yaya ya yi dariya. "Ba a tuwo da shi, Inna. Amma shina kawo tuwon shekara."

"Tsohonku bai san shi ba."

"Dauri tsohonmu bai san injin ban ruwa ba, Inna. Da yag gan shi ai ya saya."

Ta yi shiru ta ci gaba da tsince wake. Mun san irin wannan shirun nata, yarda ce wadda ba ta so.

Aka sayar da shanun huɗa guda biyu da tumakin Inna. Aka haƙa rijiyar burtsatse a gindin gangare, aka ɗora baƙin tankin roba a kan gadon itace mai tsayin mutum biyu. Daga tankin babban bututu ya sauko, ya bi ta cikin wani ɗan mataci mai raga kamar rariyar gari, sannan ya rabu zuwa siraran tiyo baƙaƙe, kowane layi da nasa. A jikin tiyon akwai 'yan ƙofofi ƙanana, ɗaya a gindin kowace kurangar inabi, inda ruwa ke ɗiga ɗis, ɗis, ba gaggawa.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Baba Jabbi, dattijon da gonarsa ke jikin tamu, wanda ya tsufa yana kwarara wa albasa ruwa a fangali, ya durƙusa ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Garba, wanga ai hawaye na, ba ban ruwa ba. Icce na rayuwa da hawaye?"

Yaya ya tona ƙasar da yatsa, ya nuna masa damshi ya sauka fiye da kamu guda. "Diba, Baba. Ruwan ga ba ya yawo. Inda saiwa take, nan shika zuwa."

Baba Jabbi ya miƙe yana dafa gwiwa. "To, Allah shi ba da sa'a."

Kuranga ɗari da ashirin muka dasa, 'yan sanduna ne kawai masu ido biyu-biyu. Shekarar farko reno ne tsantsa. Mun kafa dirkoki, mun ja waya a samansu mun yi rumfa, gara ta cinye wasu, mun canza. Mun kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Bayan sallar asuba in bi Yaya gona, da hantsi in wuce kasuwa, da la'asar in dawo in same shi inda na bar shi. Inna ce ke kawo mana furar da Kulu ta dama. Takan ajiye ƙwaryar ta juya wa kurangun baya, tana kallon wajen albasa. Amma da rumfar ta rufe da ganye, inuwa ta sauka mai sanyi kamar ta cikin zaure, sai muka ga ta fara zuwa da tabarmarta.

A shekara ta biyu, da damina ta ɗauke, Yaya ya karɓi tsohon almakashina ya yi wa kurangun aski. Ko ganye ɗaya bai bari ba. Inna ta zo ta ga waya da busassun sanduna, ta riƙe baki. "Kun kashe su ke nan?" Ba a yi mako biyu ba idanu suka fashe, toho ya fito jajaja-jajaja. Sai fure, ƙanana, masu ƙamshin da sai ka matsa kake ji. Sai 'ya'ya, nono-nono kamar na dabino, suna reto a ƙarƙashin rumfa. Ranar da na fara ganin su na kasa tafiya kasuwa. Na yi ta bin layi ina taɓa su da bayan yatsa.

A lokacin ne Yaya ya fito da abin da ya zo da shi daga Zariya, rabin buhun wani farin taki da yake ajiyewa a ɗakinsa a kan katako, kamar sukarin biki. Fotash sunansa. Duk bayan kwana uku yakan auna shi da gwangwanin madara, ya zuba a bokiti ya motsa da sanda. Nan da nan yake narkewa tas, ruwan ya koma garai kamar ba a sa masa komai ba. Sai ya hau tsani ya juye a tanki, ya buɗe famfo, ruwa ya ɗauki takin ya kai wa kowace kuranga rabonta a bakin saiwa.

"Yuriya ganye taka sawa," in ji shi. "Wanga shi ka sa zaƙi. Shi ka cika ɗiyan, shi ka ba hwatarsu ƙarhin jimre rana. Ƙasarmu rairai ta, ba ta riƙe shi. Sai a dinga ba ta kaɗan-kaɗan, awa ana shayar da jinjiri."

Zafi ya sauko shekarar nan tun kafin lokacinsa, wajen wata guda. Yau muna hura wuta da asuba, jibi mun kasa zama a ɗaki. 'Ya'yan inabin sun kai girman gyaɗa, kore shar, da tauri kamar tsakuwa, saura kamar mako huɗu su nuna. A nan farin fotash ya ƙare. Yaya ya zazzage buhun, ya wanke cikinsa da ruwa ya juye a tanki. Ya aika wa mutanensa na Zariya, suka ce su ma babu, sai nan da wata guda ko fiye.

Kwana goma bayan haka gefen ganyen ya fara rawaya, daga nan ya koma ruwan ƙasa, ya naɗe kamar an gifta masa fitila. Yaya ya tsinko ɗaya ya murza gefensa, ya zube gari a tafinsa.

"Yunwar fotash ta," ya ce. "Gobe ka tahi Sakkwato. Hwari nika so, mai narkewa. Ka ji? Hwari."

Na yi sammako. Na bi shagunan taki ɗaya bayan ɗaya tun safe har rana ta karkata. Ga yuriya, ga kamfa, buhu a kan buhu har rufi, amma farin fotash wasu ma ba su taɓa jin sa ba. Wajen la'asar, takalmina na roba ya yi laushi don zafin kwalta, wani mai shago ya ja ni ciki ya kwance bakin wani buhu. Abin ja ne, tsaki-tsaki, kamar an daka bulo.

"Wanga ja na," na ce.

"Fotash fotash na, malam. Launi kawai."

"Shina narkewa?"

"Gishiri na fa. Mi za ya hana shi narkewa?"

Ban so in koma wa Yaya hannu rabbana ba. Na ɗauko shi.

Washegari da safe Yaya ya sa hannu a buhun, ya zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa ya motsa. Ruwan ya yi ja kamar na kududdufi. Da ya lafa, laka ta kwanta a ƙasa, wani maiƙo-maiƙo ya taso sama. Ya daɗe yana kallon kofin.

"Ba shi ba na, Manu. Wanga na barbaɗawa na, a gonar da aka kwarara wa ruwa. Shina da laka, kuma gishirinai ya yi wa inabi ƙarhi."

"To mu zuba ido su ƙone, Yaya?"

Ya fita ya zagaya gonar, ya dawo ya ce za a gwada, amma da sharaɗi. A daka shi ya yi laushi, a jiƙa ya kwana, a tace sau biyu, kuma rabin gwangwani kawai, ba cikakke ba.

Gidanmu ya koma wurin aikin taki. Aka ware tsohon turmi, Inna da Kulu suna daka, jan gari na tashi yana shiga musu hanci suna tari. Na kwaso ƙyallayen farin yadi daga shago muka riƙa tacewa da su, kowane ƙyalle sau ɗaya yake aiki ya zama ja, ya ƙi wankuwa. Gishirin ya tsattsaga wa Kulu hannu har ba ta iya tuƙa tuwo sai ta naɗe da tsumma. Duk da wannan wahalar, in an juye a tanki sai matacin nan ya toshe. A rufe famfo, a kwance shi, a wanke ragar, a mayar, a buɗe. Kafin ka kai ƙarshen layi ɗaya ɗigon ya sake tsayawa. Na rufe shago gaba ɗaya. Masu ɗinki suka riƙa biyo ni gida suna karɓar yadinsu.

Mun yi kwana tara a haka. Ƙunar ganyen ba ta ƙaru sosai ba, amma ba ta tsaya ba. Ni a idona babu abin da ya canza, sai rana da ke ƙara ƙarfi.

A rana ta goma aka aiko daga Horo Birni cewa mahaifin Kulu ya rasu. Dole Yaya ya kai ta, ya kuma zauna har sadakar uku. Kafin su tashi ya ja ni gindin tanki.

"Rabin gwangwani. Ka tace sau biyu. In mataci ya toshe ka wanke, ko sau goma na. Kak ka yi gaggawa, Manu."

"Na ji, Yaya."

Ranar farko na yi yadda ya ce. A rana ta biyu, kafin azahar na wanke matacin sau shida. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ko kukan tsuntsu babu. Na shiga ƙarƙashin rumfar, ganye busasshe ya faɗo mini a kafaɗa, na ɗaga kai na ga wani nonon inabi ya fara yamushewa ta gefen da rana ke duka. Na ce a raina, abu na mutuwa da yunwa muna ba shi abinci da bakin allura. Na ce Yaya tsoro ya yi masa yawa. Na ce in ya dawo ya tarar ganye ya farfaɗo, shi da kansa zai gode mini.

Na kwance matacin na zare ragar na ajiye a kan dutse, na ɗaure shi haka ba raga. Na ɗebo gwangwani uku na jan garin, ban jiƙa ba, ban tace ba, na motsa a bokiti na hau tsani na juye. Na buɗe famfo. Ruwa ya bi tiyo da gudu, kowace ƙofa tana ɗigar da ja. Wallahi daɗi na ji. Na kwanta a inuwa ina saurarensa. Washegari na sake yin haka. Da na ji lokacin dawowarsu ya yi, na mayar da ragar, na ɗaure matacin, na wanke bokitin da yashi.

Yaya ya dawo da la'asar, ko gida bai tsaya ba ya wuto gona. Ya bi layin farko yana duban gindin kurangun. Na kusa da tanki da damshi, na tsakiya kaɗan-kaɗan, na ƙarshe ƙasa a bushe ƙamas. Ya bi na biyu, ya bi na uku. Ya durƙusa ya matsa wata ƙofa da farce, jar laka ta fito kamar ƙurji. Ya je ya kwance matacin ya duba, ya ɗaure. Ina tsaye a bayansa.

"Ka taho da allurai gobe," ya ce. "Duk waɗanda kaka da su."

Fiye da rabin ƙofofin sun toshe. Muka riƙa rarrafe a kan rairayi mai zafi, muna tsokane su ɗaya bayan ɗaya da allurar ɗinki. Wadda ka buɗe da safe, da yamma ta sake rufewa, wadda ka matsa wa kuma ta yage ta riƙa tsartuwa, ta hana na bayanta samu. Gwiwoyinmu suka saɓule. Yaya ya ce maganin abin ruwa ne mai yawa, a buɗe ƙarshen kowane tiyo a wanke cikinsa, a kuma kwarara wa gindin kurangun har gishirin ya nutse ƙasa da saiwa.

A makon nan rijiyar ta fara ja da baya. Inji ya riƙa tari yana zuƙo iska. Sai a kashe shi a jira tun hantsi har azahar, sannan a samu abin da bai kai kwatan tanki ba. A gindin kurangun da ke samun ɗigo, wani farin ɓawo ya fito ya kewaye damshin, da ja-ja a bakinsa. Na ɗanɗana da harshe. Gishiri ne zalla.

Baba Jabbi ya riga ya cire albasarsa, sai ya ba mu rijiyarsa da jakinsa. Bai ce ai na faɗa ba. Da kansa ya riƙa cika mana jarka. Muka yi ta jigila daga asuba har rana ta take, mu huta, mu koma. Jarka guda a gindin kuranga, kafin ka juya ƙasa ta shanye ta kamar ba a zuba ba. Inna ma, da tsufanta, ta ɗauko tulu. Na ce ta bari, ta ce, "Tumakina na cikin ƙasag ga, ka bar ni." A kwana na biyar rijiyar Baba Jabbi ita ma ta koma laka.

Daga nan sai kallo. Ganyen ya ƙone gaba ɗaya, ba gefe kawai ba, ya riƙa zuba ko iska babu. Rumfar da ta yi mana inuwa ta koma waya da sanduna, 'ya'yan suka rage tsirara a rana. Gefensu ya soye ya yi ruwan ƙasa, wasu suka fashe, rina ta taru a kansu. Wurin ya ɗauki wani wari mai tsami kamar na kunun da ya kwana. Kullum sai mun je. Mu zauna a gindin tanki, inda 'yar inuwa ta rage.

Wata safiya Yaya ya zaɓo nono ɗaya da ya ɗan yi launi, ya wanke, ya kai wa Inna a tafin hannu. Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Na ga fuskarta ta tattare, idonta ya kawo ruwa. Ta haɗiye, ta sake tsinkar wata.

"Ba laihi," ta ce. "Manu, ce wa yayanka ba laihi."

Ta cinye nonon nan duka a gabanmu. Yaya ya juya ya shiga ɗaki.

Kwando biyu muka tsinta daga gonar gaba ɗaya. Na kai kasuwar Bodinga na ajiye a gaban rumfata. Mutane suka taru, don da yawansu ba su taɓa ganin inabi a kwando ba. Kowa ya ɗanɗana sai ya juya ya tofar, ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce. Da yamma na dawo da su gida aka zuba wa awakin maƙwabta.

Damina ta makara. Hadari ya haɗu ya yi baƙi ta gabas, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. Da ruwan shuka ya sauka daga baya, ba mu da shanu, da hannu muka yi huɗa. Mun shuka gero har a tsakanin matattun kurangun, amma duk inda tiyo ya taɓa ɗiga, geron ya fito rawaya ya kwanta. Daga nesa gonar kamar kan mai ƙazuwa. Ga shi rabin albasa kawai muka yi da rani, ita ma ba ta samu kulawa ba. Kafin gero ya yi ciki rumbunmu ya nuna ƙasa.

Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma kunu. Kulu ta riƙa dafa tafasa da rama, a yi kwaɗo ba ƙuli, a barbaɗa ɗan garin rogo a kai don ido. In ruwa ya sauka ƙamshin ƙasa ya tashi, sai yunwar ta ƙaru. Muna noma muna ganin duhu-duhu in mun ɗago. Inna ta fara azumin Litinin da Alhamis, daga baya muka lura kullum ne. In an kai mata kwano da magariba, ta taɓa kaɗan ta tura wa jikokinta, ta ce tsufa ya rage mata ci. Dirkokin rumfar muka riƙa tugewa ɗaya-ɗaya ana hura wuta da su. Jiƙaƙƙu ne, hayaƙi kawai suke yi.

Yaya bai taɓa ɗaga murya ba a duk daminar nan. Ya yi noma fiye da kowa. Amma ya daina zama a majalisa bayan sallah, saboda an sa masa suna Garba Mai Inabi, ana faɗa ana sunkuyar da kai ana murmushi. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya masa abin da na yi, in ga yadda wuyansa ya rame, in fasa. Na ce bari a yi girbi. Da aka yi girbi, aka ɗaure ɗan abin da aka samu, sai ya ce zai bi motar kaya zuwa Kurmi, can kudu, ya nemi aiki. Na raka shi tashar Bodinga da safe. Ya hau bisa buhuna, ya miƙo mini hannu ya ce in kula da Inna. Ban faɗa ba a nan ma.

Inna ta rasu bayan shekara biyu. Yaya ya zo ya yi kwana uku, bai taka gonar ba, ya tafi da Kulu da yara. Tun daga nan sai waya. Gadi yake yi a ƙofar wani gida a can. Ni nake noma gonar, gero da ɗan wake, gishirin ya daɗe da wankewa. Yanzu masu lambu a wajen Shagari da Mandera da hasken rana suke jan ruwa, ba ruwansu da fetur. Farin fotash kuwa, rumfa huɗu daga tawa akwai mai sayar da shi a 'yan ƙananan leda, ya jera su kusa da maganin ƙwari. Nakan wuce ta gabansa sau biyu a yini.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na kira Yaya a waya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Na ce zafin bana irin na waccan shekarar ne. Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya, akwai maganad da nika riƙe da ita. Ranad da kunka tahi Horo Birni, ni nic cire ragar mataci. Gwangwani uku niz zuba, ban tace ba. Kwana biyu ina yi."

Na duba ko wayar ta yanke.

"Na sani, Manu."

"Ka sani?"

"Tun ranar. A juye kam mayar da ragar."

Na nemi bakin dakalin masallaci na zauna. "Don mi ba ka taɓa yin magana ba?"

"In ce mi? Duk garin ga kai ɗai kab bi ni gonan nan da zuciya guda. In na yi maka hwaɗa, da wa za ni ɗauki jarka?"

"Da ban yi ba, da sun nuna?"

"Ban sani ba. Rijiya ta riga ta ja baya. Wataƙila da sun kai, wataƙila da ba su kai ba. Na yi shekaru ina juya shi a ƙohwar gidan mutane, ban samu amsa ba. Kai ma ba ka samu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ban roƙa ba. Sai na ce masa yanzu abubuwa sun yi sauƙi, akwai takin a nan Bodinga, akwai injin da ba ya shan mai, rabin gonar tasa ce har gobe, in ya dawo ko kuranga ashirin ce mu sake gwadawa.

Ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi.

"Manu, hannuna ba ya riƙe almakashi yanzu, rawa shikai. In ruwa ya sauka ka shuka gero har wajena. Kak ka jira ni."

Na ji ana yi masa hon a bakin ƙofa. Ya ce maigidan ya dawo, bari ya buɗe masa, ya kashe wayar.